Irin da Sai Ya Sha Sanyi Yake Tsirowa

 

Malam shugaban taro, malamaina da ke zaune a sahun gaba, iyayenmu mata, ƙannena ɗalibai, barkanmu da yamma. Na ga ɗakin ya cika, na kuma san dalili. An rubuta "jure fari" a takardar gayyata, shi ya sa rabinku kuka zo da zaton zan zaro wani sabon gero daga aljihu. To ku yi haƙuri. Abin da na zo da labarinsa ba a tuƙa tuwo da shi, ba a kaɗa miya da shi, saniya ma in ta shinshina shi sai ta kau da kai. Ciyawa ce ta bakin titi a yammacin Amurka. Mutanen can na ce mata gamwid, wato ciyawar danƙo, masana tsirrai kuma suna kiranta Grindelia squarrosa. Na yi shekaru ina karatu a wani gari da ke gindin duwatsun Roki, a jihar Kolorado, kuma babu tsiron da ya kunyata ni a can kamar wannan. Labarin kunyar nan ne zan ba ku yau, domin a cikinsa na koyi yadda ake shuka ta.

Bari in fara kwatanta muku ita. Tsayinta daga gwiwa zuwa ƙugu, ba ta cika wuce mita ɗaya ba. Karanta kan yi ja-ja, ya yi rassa daga sama. Ganyenta mai kauri ne, bakinsa kamar haƙoran zarto, in ka ɗaga shi a rana za ka ga ɗigo-ɗigon ƙyalli a jikinsa. Furenta rawaya ne, kamar an ƙanƙantar da furen bi-rana ya dawo faɗin murfin kwalba. Amma abin kallon yana ƙarƙashin furen. Akwai wani ɗan ƙoƙo kore da ke riƙe da shi, an jera masa ƙananan harsuna, kowanne ya lanƙwashe baya kamar ƙugiya, duk sun jiƙe da danƙo. Kalmar squarrosa ma abin da take nufi ke nan, mai harsuna a tanƙware. Kafin furen ya buɗe, za ka ga wani farin ruwa ya taru a tsakiyar ƙoƙon kamar an ɗiga kindirmo. Ka taɓa shi da yatsa, ka haɗa da babban yatsa, ka ja: sai ya yi zare. Ƙamshinsa kuwa, ni dai ƙaron hano ya tuna mini. Kuma kada ku ɗauka irin ƙaron dakwara ne da ake jiƙawa a zuba a tawada. Wancan ruwa na narkar da shi. Wannan ko ka kwana kana wanki da sabulu yana nan.

Asalinta manyan filayen ciyawa ne na tsakiyar Amurka ta Arewa, daga kudancin Kanada har gangarowa Tekzas, daga baya ta bi hanyar jirgin ƙasa da titin mota ta watsu gabas da yamma. Ƙabilun da ke zaune a filayen nan tun fil azal sun san ta sarai. Turawa kuwa sai a 1804 ta shiga takardarsu, lokacin da Meriwether Lewis da William Clark suka hau kogin Misuri a tafiyar da Shugaba Thomas Jefferson ya aike su. Lewis ya tsinke ta a watan Agusta kusa da wani ƙauyen mutanen Omaha, a inda yanzu ake kira Nebaraska, ya busar ya matse a takarda. Wani masani mai suna Frederick Pursh ya bayyana ta a littafinsa na 1814. Sunan dangin nata, Grindelia, an raɗa shi ne tun 1807 don girmama David Grindel, wani mai haɗa magunguna ɗan birnin Riga a Latbiya ta yau. Haka sunayen kimiyya suke: ciyawa na Nebaraska, mai sunan yana bakin tekun Baltik.

To, ga yadda muka yi da ita. Gidan da nake haya yana da wani ɗan fili a baya, busasshe, tsakuwa da laka, irin wurin da mu a nan za mu ce fako. Na ga takardar iri a kanti an rubuta cewa wannan fure ba ya son ruwa, yana kuma dawowa kowace shekara. Na ce madalla, ga abin da ya dace da ɗalibi marar lokaci. Watan Mayu ne, ƙanƙara ta narke, gari ya yi ɗumi, jikina ya ba ni cewa lokacin shuka ya yi. Ni kuwa ɗan manomi ne, tun ban kai shekara bakwai ba nake bin bayan mai sungumi da ƙwaryar iri. Sai na yi abin da hannuna ya sani. Na sayo buhun takin shanu na baza, na kafce wurin, na yi sara, na zuba ƙwaya biyar-biyar, na tura ƙasa da ƙafa na danna da diddige. Safe da yamma ina ban ruwa. Mako uku, mako huɗu. Ciyayi kala-kala suka fito suka yi shar, don sun sami taki da ruwa a banza. Abin da na shuka kuwa shiru kake ji.

Maƙwabciyata wata tsohuwa ce da ta yi ritaya, kullum tana tsugune a lambunta. Rannan ta jingina da shinge ta tambaye ni me nake ta shayarwa haka. Na faɗa mata. Ta ce yaushe na shuka, na ce Mayu. Ta ce zurfin nawa, na nuna mata gaɓa biyu ta yatsa. Ta yi dariya har sai da ta cire tabarau. Ta ce, "Ɗan nan, ai ka binne su da rai. Kuma ko sanyi ba ka bari sun sha ba." Na ce, "Iya, sanyi kuma? Ai ni ina tsammanin sanyi ne ke kashe shuka." Ta ce in je in duba bakin titin bayan gari, in ga wa ya yi musu sara, wa ya zuba musu taki.

Maganar sanyin nan ita ce gindin laccar yau, saboda haka zan ɗan daɗe a kanta.

Ku da kuka yi aikin renon itatuwa kun san akwai irin da ba ya tsirowa don kawai ya ji danshi. Ƙwallon kuka, ƙwayar bagaruwa, ƙwayar gawo: sai an zuba musu ruwan zafi sun kwana, ko an kankare ɓawon da wuƙa, ko sun bi ta cikin akuya sun fito. Masana na kiran wannan barcin iri. Kuma barcin yana da amfani. A ƙasarmu abin da iri ke tsoro shi ne ruwan farko mai yaudara, wanda zai sauka sau ɗaya a ƙarshen bazara, ya tayar da tsiro, sannan sama ta ɗauke mako uku rana ta ƙone shi. Ɓawo mai tauri shi ne maganin wannan yaudara. A filayen Amurka kuwa abin tsoron daban ne. Irin ciyawar danƙo yana nuna ne a Satumba da Oktoba, ya zube ƙasa daidai lokacin da ake ɗan samun yayyafi, rana kuma ba ta gama hucewa ba. Komai na ce masa fito. Amma bayan 'yan makonni ƙasa za ta daskare kamar dutse, sanyi ya sauka ƙasa da sifiri, wani lokaci da digiri ashirin. Jaririn tsiron da bai kafu ba, ya tafi ke nan. Saboda haka yawancin ƙwayoyin ba sa amsa kiran farko. Suna kwance, sun jiƙe, dusar ƙanƙara ta rufe su, suna ƙidayar makonnin sanyi a cikin jikinsu. Sai sanyi mai danshi ya daɗe a kansu sannan abin da ke hana su tsirowa yake raguwa. Ranar da ƙanƙara ta narke a Maris ko Afrilu, ƙasa ta jiƙe sharkaf, su kuma sun shirya. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, iri ma haka. Namu ɓawo ke tsare shi, nasu sanyi ke buɗe shi.

Kada in yi muku ƙarin gishiri, ba duk ƙwayoyin ke da barci mai nauyi ba. Ko ba sanyi wasu kan fito, musamman in haske na taɓa su. A nan akwai wani abin mamaki. Abin da muke gani kamar fure ɗaya a gaskiya taron ƙananan furanni ne a kai ɗaya: na gefe masu dogon harshe rawaya, da na tsakiya masu kama da ƙananan bututu. Kowanne na haifar da ƙwaya tasa. Wani bincike da aka buga a 1975 ya nuna cewa ƙwayoyin tsakiya sun fi saurin tsirowa, na gefe kuma sun fi jinkiri. Uwa ɗaya, kai ɗaya, amma ta raba 'ya'yanta gida biyu, wasu su fita da wuri su gwada sa'a, wasu su jira. Manomin da ke shuka gero da maiwa a gona ɗaya ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan hikima.

Sai maganar binnewa. Ƙwayar ƙarama ce, ba ta fi riɗi ba sosai, a kilo ɗaya akwai dubbai ɗari-ɗari. Guzurin da ke cikinta kaɗan ne. In ka tura ta gaɓa biyu cikin ƙasa, ko ta farka ba ta da ƙarfin da za ta kai sama. Ita ma ta san haka, shi ya sa haske ke cikin abubuwan da take jira. Haske ne ke gaya mata cewa tana kusa da sarari, kuma babu wani babban tsiro da ya yi mata rumfa. Diddigen da ke taimakon gero, ita kabari ya yi mata.

Shekarar da ta biyo baya sai na bi shawarar tsohuwar, na kuma raba irin gida uku don in ga ƙarshen abin.

Kashin farko na yi masa abin da ya fi sauƙi, wanda kuma har yau shi nake ba kowa shawara. A watan Nuwamba, bayan sanyi ya kama sosai amma ƙasa ba ta daskare ba, na share wani gefen filin da ban taɓa zuba wa taki ba. Na ɗan karce fuskar ƙasar, ban kafce ba. Na cakuɗa irin da busasshen yashi don kada ya taru wuri ɗaya, na yafa, na ɗora katako na taka don ƙwaya ta manne da ƙasa. Shi ke nan. Ban rufe ba, ban ba da ruwa ba. Abin ya yi kama da binnen da iyayenmu ke yi kafin ruwa ya sauka, a zuba iri a busasshiyar ƙasa a bar wa Allah. Bambancin kawai, su damina suke jira, ni dusar ƙanƙara.

Kashi na biyu na bi wata dabara da masu lambu a can suke ji da ita. Suna sayen madara ne a galan na roba mai haske. In ta ƙare sai a yanka galan ɗin a ciki, a bar gefe ɗaya a maƙale kamar ƙyauren ƙofa, a huda gindin da ƙusa don ruwa ya tsiyaye. A zuba ƙasa mai yashi kamar faɗin tafin hannu, a jiƙa, a barbaɗa iri a sama, a mayar da saman galan a naɗe da salatef, a cire murfin a yar. Sai a ajiye a waje cikin Janairu, ƙanƙara ta rufe shi in ta ga dama. Ruwa na shiga ta baki, tsuntsu da ɓera ba sa samun irin, iska ba ta kwashe shi. Duk unguwar in ka leƙa bayan gida za ka ga galan a jere kamar ana layin kananzir.

Kashi na uku shi ne na mai gaggawa, ko wanda lokaci ya ƙwace masa: a yi wa irin hunturun ƙarya a cikin firij. Za ka sami yashi mai tsabta, ka yayyafa masa ruwa har ya yi danshin da in ka dunƙule a hannu zai haɗu amma ba zai ɗiga ba. Ka zuba irin ka juya, ka ƙulle a leda, ka rubuta kwanan wata, ka sa a ɓangaren da ake ajiye kayan miya, inda sanyin ke tsakanin digiri ɗaya zuwa biyar. Ba wajen ƙanƙara ba. Kuma busasshen iri a firij ko shekara ya yi bai ƙidaya komai ba, sai da danshi. Wata ɗaya zuwa biyu ake yawan ba shi, wasu su kai mako goma. Saboda haka mai son shuka a Afrilu, tun Fabrairu zai ƙulla ledarsa, ba a fafe gora ranar tafiya. Duk mako ka buɗe ka duba. In ka ga furfura ta fara, ruwa ya yi yawa. In ka ga wata ƙwaya ta fito da ɗan farin baki, to ta farka, a fitar da su a shuka a ranar. Abokin zamana, wani Bazazzagi mai karatun lissafi, ya buɗe firij ya ga ƙullin yashi da rubutu a jiki, ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Malam, in wani abu ke damunka ka faɗa mini, mu 'yan uwa ne."

Duka ukun sun tsira. Na galan suka fi yawa, na fili suka fi ƙarfi.

Yanzu ga wurin da kalmar "jure fari" ke yaudarar mutane, kuma ina roƙon ɗalibai su rubuta wannan. Babba ne ke jure fari, jariri ba ya jurewa. Tsiron ciyawar danƙo in ya fito, 'yan ganye biyu ne da ba su kai ƙwayar shinkafa ba, saiwarsa kamar silin gashi. In fuskar ƙasa ta bushe kwana biyu a makonnin farko, ya mutu. A daji danshin da ƙanƙara ta bari ne ke rainonsa. A gida kai ne za ka tsaya masa, da yayyafi mai laushi, ba kwarara ba, don kada ruwa ya tafi da shi. Amma kuma in ka cika ruwa, musamman a cikin ɗaki inda iska ba ta zagayawa, wata cuta ce ke kama shi a wuya daidai fuskar ƙasa, ka kwanta da tsiro a tsaye ka tashi ka tarar sun zube kamar an bi su da reza. Maganinta ƙasa mai tsiyayewa, da iska, da zuba ruwan a faranti ƙarƙashin tukunya ya tsotsa daga ƙasa.

Wanda ya rena a tukunya kada ya yi jinkirin dashe. Tsiron nan uwar saiwa gare shi guda ɗaya mai nutsawa kai tsaye, kamar ta karas. In ta kai gindin tukunya ta naɗe, ta naɗe ke nan, ko ka dasa ba za ta miƙe ba, kuma duk jure farin da kake nema a cikin saiwar nan yake. Shi ya sa masu reno na gaske suke amfani da dogayen bututu maimakon faffaɗar tukunya. Da ya yi ganyen gaskiya huɗu ko shida, a fitar da shi da ƙasarsa, a dasa da yamma, a bar kamu ɗaya tsakaninsa da ɗan uwansa, a inda rana ke dukan wurin tun safe. Bayan ya kama, a fara ja masa rai: ruwa mai yawa lokaci ɗaya, sannan a bar shi kwanaki, don saiwa ta bi danshi ƙasa. Taki kuwa a manta da shi. In ta sami ƙasa mai maiƙo sai ta yi tsawo ta yi laushi ta kwanta, ciyayin da suka fi ta saurin girma su rufe ta.

Daga nan sai gwajin haƙuri. Duk shekarar farko yawanci ba kara, ba fure. Ganye ne kawai a shimfiɗe a ƙasa, a zagaye kamar faifai. Mutane da yawa a nan suke cewa iri ya yi ƙarya, wasu ma su nome ta da hannunsu suna zaton haki ce. Alhali aikin yana ƙasa. Akwai wani malami a Jami'ar Nebaraska, John Weaver, wanda ya kwashe shekaru yana haƙa ramuka masu zurfi a filayen ciyawa, yana bin saiwoyi da tsinke yana zana su, har ya ga abin da farin shekarun 1930 ya yi wa filayen nan da idonsa. Abin da aikinsa ya nuna wa duniya shi ne, tsirran wurin nan rabin jikinsu ko fiye a ƙarƙashin ƙasa yake. Saiwar ciyawar danƙo kan nutsa kusan mita biyu. Faifan ganyen da kake rainawa, rijiya yake haƙawa.

A shekara ta biyu ne take biyan bashi. Kara ya tashi, rassa su fito, ƙoƙunan nan su cika da farin danƙo, daga ƙarshen Yuli har Satumba tana fure. Lokacin kuwa filin ya riga ya ƙone, yawancin furanni sun gama, ciyawa ta zama ruwan ƙasa. Ita kaɗai ce rawaya shar a cikin ƙura. Ranar da na fara ganin haka na tsuguna na fi rabin awa. Ƙudan zuma iri-iri, ba na amya kaɗai ba, har da ƙananan na daji masu gida a rami, wasu koraye masu ƙyalli kamar ƙarfe, wasu cikinsu ya yi rawaya da garin fure, ga malam-buɗe-littafi, ga ƙananan buzuzu. Wani ƙaramin ƙwaro da ya yi kuskuren bi ta ƙarƙashin ƙoƙon ya maƙale a danƙo yana ta shure-shure. Aikin danƙon ke nan, tsaron fure daga masu ci, ana kuma ganin yana rage ruwan da rana ke zuƙewa daga jikinta. Masu kiwon zuma dai da yawa ba sa yabon zumarta, sun ce ɗanɗanonta bai kai ba kuma tana saurin daskarewa.

Takardar irin nan da ta ce tana dawowa kowace shekara, rabin gaskiya ta faɗa. Wannan jinsin sau da yawa shekara biyu yake yi, ya zubar da iri ya mutu, wani ya ƙara shekara ɗaya ko biyu. Abin da ke dawowa 'ya'ya ne da jikoki. Kuma ba za su dawo ba sai sun sami ƙasa a buɗe. Wanda ya lulluɓe gindinta da ɓawon itace, kamar yadda masu lambu a can suke son yi, ya rufe wa zuriyarta ƙofa. Mai son wadda ke daɗewa da gaske sai ya nemi 'yan uwanta na Kalifoniya, irin su Grindelia camporum ta babban kwarin jihar, ko Grindelia stricta ta bakin teku. Wannan ta biyun a fadamun gishiri na gaɓar San Faransisko take, in teku ya cika ya shanye fadama, ƙananan ɓeraye da tsuntsayen wurin a kanta suke hawa su tsira.

Ba kowa ke son ta ba, kuma ina ganin masu ƙin ta suna da hujja. Makiyayin shanu a Wayomin ko Nebada in ya ji kana sayen irinta da kuɗi, kallon mahaukaci zai yi maka. Dabba ba ta cinta saboda ɗacin danƙon, a wata irin ƙasa kuma tana zuƙo sinadarin seleniyam wanda yawansa guba ne ga dabba. In kiwo ya yi wa fili yawa, ciyawa mai daɗi ta ƙare, ita ce ke mamaye wurin, kamar yadda tumfafiya ke tsayawa a gonar da ta gaji. Sai dai a ganina makiyayin na zagin mai shaida ne, mai laifin yana gefe. Ba ita ta cinye ciyawar ba.

Amfaninta ga mutane tsoho ne. Ƙabilu irin su Shayen da Lakota da Shoshoni sun yi ta dafa kawunanta don tari da ciwon ƙirji, suna shafa ta a ƙurajen da wasu tsirrai masu dafi ke jawowa. Likitocin Turawa suka karɓa, har ta zauna a kundin magunguna na hukumar Amurka daga 1882 zuwa 1926. A shekarun 1980 masana a Jami'ar Arizona sun gwada noma 'yar uwarta ta Kalifoniya don samun danƙon da zai maye gurbin wanda ake tatsa daga itacen fayin, na yin takarda da gam da tawada. Daga baya a Jami'ar Nebada da ke Rino, garin da ruwan shekararsa bai kai milimita 200 ba, Glenn Miller da abokan aikinsa suka gwada fitar da man injin daga jikinta. Har yau dai ba ta zama amfanin gona na kasuwa ba.

Na san tambayar da ke bakin wasunku, na ga wani ɗalibi can baya tun ɗazu yana ɗaga hannu: me zai hana a kawo ta nan? Amsata ita ce kada a kawo. Hunturunmu, ko daren da ya fi kowanne sanyi a Kano, bai kai sanyin da irin ke jira ba, kuma busasshe ne ƙayau. In ma ta ƙi tsirowa an yi asarar kuɗi ne kawai. Abin tsoron shi ne ta tsira. Ta shiga Yukren a tsakiyar ƙarnin da ya wuce, yau ta cika bakin hanyoyi da makiyayar kudancin ƙasar, dabbobinsu ma ba sa ci. Mu kuma mun ga irin wannan kusa da gida. Itacen nan mai ƙaya da mutanen Sudan ke kira miskit, daga nahiyar Amurka aka kawo shi don yana jure fari. An shigo da shi Sudan a 1917, a 1995 gwamnatin ƙasar ta ba da umarnin a tumɓuke shi, har yau ana fama. Ku tambayi mutanen Diffa abin da ya yi a bakin tafkin Chadi. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, ka san abin da za ka yi wa naka. Mai neman furen da zai ciyar da ƙudan zuma bayan damina ta ɗauke, ya fita bayan garinsu a watan Nuwamba ya ga me ke fure ba wanda ya shayar da shi, ya bincika wane irin barci irinsa ke yi.

Malam shugaba ya nuna mini agogo, saura tara iri. A Oktoba kawunan za su bushe su yi ruwan ƙasa, harsunan rawayan su zube, ƙoƙon ya ɗan buɗe baki. In ka leƙa za ka ga ƙwayoyin a tsattsaye, a cushe kamar ashana a kwali. Ba su da lemar gashin da ke sa irin wasu danginsu tashi a iska, 'yan tsinkaye ne kawai a kansu masu saurin karyewa, shi ya sa yawanci a gindin uwa suke zuba. Ka zaɓi ranar da ba raɓa, ka yanko kawunan da almakashi cikin jakar takarda, ba leda ba, don leda na sa su gumi su ruɓe. Ka bar su mako biyu a inuwa, sannan ka murtsuke su a kan rariya. A nan ne za ka gane dalilin sunanta. Ƙaiƙayi ya manne a yatsu, yatsu su manne da juna, almakashin ya ƙi buɗewa, in ka sosa hanci ka shiga uku. Na ɓata sabulu guda kafin tsohuwar nan ta miƙo mini man girki ta kan shinge, ta ce in murza da shi tukuna sannan in wanke. Sheƙar ma sai a hankali, da bakin faifai da ɗan hurawa, don ƙwayar ba ta fi ƙaiƙayin nauyi da yawa ba. Abin da ya fito a zuba a ambulan, a rubuta wuri da shekara, a ajiye inda ba zafi ba danshi. Ni kan yanki kashi ɗaya cikin uku ne kawai, sauran in bar su a tsaye. Tsuntsaye kan zo su ci rabonsu cikin sanyi, abin da ya zube kuma ya kwanta ƙarƙashin ƙanƙara. Shekarar da zan dawo gida ban shuka ko ƙwaya ɗaya ba, amma da Afrilu ta yi sai da na riƙa cire 'yan faya-fayan ganye daga tsagar siminti a bakin ƙofa.

 Ɗalibin can na baya, bismillah, kai ne farko.